Kason Mamaci: Zumuncin Maharban Dutse a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya buɗe tarihin Kano yana neman sarki, da maharbi zai fara yin kiciɓis. Kafin a zo kan Bagauda, wanda ake lissafa sarautarsa daga shekarar 999, tsohon kundin tarihin Kano ya soma ne da mutanen da ke zaune a Dutsen Dala da kewayensa, babbansu kuwa Barbushe, daga zuriyar Dala ɗin da dutsen ya ci sunansa. An ce baƙi ne, dogo, ƙaƙƙarfa, yakan kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka ya kawo gida. Cikin manyan mutanensa akwai Gagiwa, shi kuma wai da igiya yake kama giwa. Ban ce lallai mai karatu ya yarda an taɓa ɗora giwa a kan gammo ba. Maharba dai ba su taɓa ƙyamar ƙarin gishiri ba, na da da na yanzu. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, malaman da suka tattara kundin nan a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da garin ya yi ɗaruruwan shekaru cikin Musulunci, ba su ga ya dace su tsallake maharbin nan ba. Haka H. R. Palmer ya same shi ya juya shi zuwa Turanci a 1908, haka kuma ya shiga Labarun Hausawa da Maƙwabtansu da Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar a farkon shekarun 1930.

Ba Kano kaɗai ke da irin wannan mafari ba. Mutanen Dutse ta Jigawa suna danganta kafuwar garinsu da wani maharbi, Duna Magu, wanda ya iske gada ta yi yawa a tsakanin duwatsun ya yada zango. A Kwatarkwashi ta Zamfara sunan Mangul ake ambata, shi ma maharbi, kuma garin ya yi suna da bikin da samari ke hawa dogon dutsen nan su kamo maiki. Ka bi ƙauyuka da tambaya, sau da yawa amsar guda ce: wani maharbi ne ya fara sauka, ya kafa bukka a gindin dutse, ya rataye kwarinsa a bishiya, 'yan'uwa suka biyo sawu.

Dalilin a fili yake. Dutse yana riƙe ruwa a kwarmi da kogo bayan tafkuna sun ƙafe, inda ruwa yake kuwa nan nama ke sauka. Rema da beguwa da gadar dutse suna cikin lungunansa, damisa na bin su, gwaggon biri na leƙe daga sama. Daga ƙololuwa mutum na hango ƙurar mahara tun suna nesa. A Dala har da tama, don an tono tsohon murhun narka ƙarfe a wurin wanda masu bincike suka ce ya kai ƙarni na 7. Ga ruwa, ga nama, ga ƙarfen kibiya, ga mafaka. Me mutum zai je nema a fako?

A tunanin mutanen da, wanda ya fara zama a wuri ya iske masu wurin ne, ya sasanta da su. Shi ya sa zuriyarsa ke riƙe da al'amarin daji ko da sarauta ta koma hannun baƙi. Kundin Kano ya ce Barbushe ba ya saukowa daga dutse sai kwana biyu a shekara. Jama'a su taru da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, shi kaɗai ya shiga wurin abin bautarsu Tsumburbura, ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Mai son ganin ɓurɓushin wannan tsari da idonsa sai ya ƙetara Nijar. A Massalata kusa da Birnin Ƙonni, da garuruwan Gobir da Katsinar Maraɗi, an riƙe bikin buɗin daji: bayan kaka ba a shiga farauta sai an buɗe daji, an ambaci magabata, an duba shekara. Guy Nicolas, Bafaranshen da ya daɗe yana bincike a ƙasar Maraɗi, ya yi rubutu a kan haka. A wannan gefen iyaka kuwa wa'azin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riga ya karya abin. A Nurul Albab ya yi kakkausar magana a kan masu yanka wa itatuwa da duwatsu, bayan jihadin 1804 kuma al'adar ta koma hannun Maguzawa da masu yi a ɓoye. Sai dai Musulunci bai hana farauta ba. Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo in an ambaci sunan Allah, Risala ma tana da babin da ya ƙunshi hukuncin farauta, duk ɗalibin zaure ya bi ta kansa. Saboda haka maharbi ya ci gaba da shiga daji. Ya bar zuba jini a kan dutse, amma bai bar tunawa da waɗanda suka nuna masa hanya ba. Wannan ragowar ce na tarar ina yaro.

A nan sai in raba abu biyu da 'yan birni ke cakuɗawa. Farauta ta jama'a ce: rani ya yi, a buga gangi, a busa ƙaho, ƙauyuka su fito da karnuka da gora da kulki da barandami, a yi wa daji ƙawanya. Hayaniya ce da gwajin ƙwanji, ana iya fasa wa mutum kai a kan zomo ɗaya, shi ya sa 'yan tauri ba sa bari ta wuce su, kuma mazajen irin wannan fage ne Kassu Zurmi ya yi suna da yi wa waƙa. Harbi kuwa sana'a ce ta gado, ta mutum ɗaya ko biyu, ta shiru da haƙuri. Maharbi ya san sawu, ya san inda iska ta dosa, ya san saiwar da ke tsayar da jini da sassaƙen da ake ba wanda maciji ya sara. Rabin masu sallama a ƙofar gidansa magani suke nema, ba nama ba. Shugabansu Sarkin Baka, wasu wurare a ce Sarkin Dawa. Kakana na wajen uwa maharbi ne a wani ƙauye da ke maƙale a gindin duwatsun kudancin Kano, ta wajen Rano, in kuwa ka kuskura ka ce masa ɗan farauta, to ranar ba ka da sauran fira da shi.

Yana da aboki guda da suka yi shekara da shekaru suna hawan dutse tare. Mu yara Baba kawai muke ce masa, su kuwa a tsakaninsu ba na jin komai sai "mutumina". Ba su haɗa jini ba. Kakana jikan malamai ne ta wajen uwa, Baba kuwa iyayensa Maguzawa ne, shi ya musulunta da girmansa. Kakana miskili ne, sai ya yini bai yi magana goma ba. Baba kuwa bakinsa ba ya hutawa, har ana cewa in ya yi shiru to ya hango nama. A gari ba ka cika ganinsu tare ba, kowa da majalisarsa. Amma in assalatu ta yi a ranar fita, fito ɗaya za ka ji ta bayan danga, kakana ya miƙe ya saɓi kwari.

Sai da na ga yadda ake harbi da burtu na gane abin da ya ƙulla su. Kan burtu ne aka sassaƙa da icce mara nauyi, aka lulluɓe shi da baƙar fata, aka dasa masa bakin tsuntsun na gaske, da ɗan jan ƙyalle a maƙogwaro. Maharbi ya ɗaura shi a goshi da igiyar fata, ya yafa baƙin tsumma a baya, ya durƙusa ya riƙa tafiya da gwiwa yana sunkuyar da kai yana ɗagawa, sai ka rantse tsuntsu ne ke tsintar fara. Barewa da mariya sun saba kiwo kusa da burtu, ba sa gudunsa, har mutum ya matso inda kibiya za ta isa. To amma mai burtu idonsa na ƙasa, kunnensa na ƙarƙashin tsumma, bai san abin da ke bayansa ba. Damisa na iya binsa yadda yake bin barewa. Wani maharbin da bai san da shi ba yana iya hango tsuntsu mai ƙiba ya ɗana masa kibiya. Saboda haka in kakana ya ɗaura burtu, Baba yana kwance rub da ciki a kan dutse, baka a ɗane, ba ya kallon naman ko kaɗan, bayan abokinsa yake kallo. Gobe kuma su yi musanya. Mutumin da ka ba amanar ƙeyarka shekara talatin, ba sai kun zauna majalisa ɗaya ba.

Sai kuma dafi. Sau ɗaya a shekara suke dafa shi, gab da shigar rani, can bayan gari a gindin wata tsamiya, inda iska ba za ta kai hayaƙin cikin gidaje ba. Tushensa 'ya'yan kwankwani ne, a daka, a zuba a tsohuwar tukunya, a yi ta dafawa har ya yi baƙi ya yi kauri, sannan a shafe bayan kunnen kibiya da shi a shanya. Mai rauni a hannu ba ya matsowa. Mu yara daga nesa muke hange, wanda ya matso ya sha tsumagiya. Dafin kwankwani zuciya yake tsayarwa, don haka da nama ya faɗi ake yanke tsokar da ke kewaye da kibiyar a binne. Kowane gida na da abin da yake ƙarawa a tukunya, da kuma makarinsa in tsautsayi ya sa mutum ya soki kansa, wannan kuwa sirri ne da uba ke ba ɗa guda cikin 'ya'yansa, galibi sai ya ga tsufa ya kama shi. Kakana da Baba a tukunya ɗaya suke dafa nasu. A garinmu in ana so a nuna iyakar amincin mutum biyu sai a ce tukunyarsu ɗaya, kowa kuma ya san ba ta tuwo ake nufi ba.

Rabon nama yana da ƙa'ida, ba a yin sa da son rai. Nama na wanda kibiyarsa ta fara taɓawa ne, ko da wani ya ƙarasa shi. Baba ya sha cin wannan riba yana dariya yana cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. Wanda ya taya ɗauka yana da karfata. Cinya ta Sarkin Baka ce, in nama babba ne mai gari ma a kai masa, fatar damisa kuwa ba a ajiye ta a gida, fada ake kaiwa. Sannan akwai wani kaso da ban taɓa jin an yi gardama a kansa ba, shi ne kason mamaci.

Ga yadda yake. Dutsen garinmu ba shi da taswira, amma kowane lungu nasa da suna, sunayen kuwa na matattu ne: kwarmin wane, kogon wane, tsamiyar wane, mashayar wane. Wanda ya fara gano inda nama ke shan ruwa, ko ya gyara maɓoya ya jera duwatsu, wurin ya zama nasa a baki ko bayan ransa. In ka yi sa'a a wurin, gidansa na da rabo. An sha aikena da tsoka a ƙunshe cikin ganyen kalgo in kai wa wata tsohuwa a ƙarshen gari, wadda mijinta ya rasu tun ba a haifi mahaifiyata ba. Saƙon kullum guda ne: "Ka ce mata daga mashaya ne." Ita kuma ta karɓa da hannu biyu ta ce Allah ya jiƙan mai mashaya, Allah ya tsare masu shiga. Ba ta taɓa yin godiya irin ta wanda aka yi wa kyauta ba, ni ma ba a taɓa ce mini sadaka na kai ba. Haƙƙinta ne aka biya. Na daɗe ina tunanin wannan, na kuma tabbata a cikin duk abin da maharba ke yi wa mamatansu babu wanda ya kai shi daraja, don kiɗa da harbin bindiga na yini ɗaya ne, wannan kuwa ya yi shekara hamsin yana shiga tukunyar gwauruwa.

A gindin dutsen akwai wani falalen dutse mai ɗan rami a tsakiya, nan ne iyakar inda ake barin yaro ya raka su da gorar ruwa. Dattawa sun ce a nan kakannin Baba ke yanka kafin a buɗe daji. Zamanin da na sani ba a yanka komai. Kakana zai tsaya ya karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, sannan ya shiga jero sunaye yana roƙon Allah ya kai ladan kabarinsu: ubansa, wanda ya koya wa ubansa, wanda ya koya wa wancan, har ya kai mutum bakwai ko takwas, cikinsu har da waɗanda sunansu kaɗai ya isa ya nuna maka ba su taɓa fuskantar alƙibla ba. A kan waɗannan ba ya roƙon komai, ambatonsu kawai yake yi ya wuce. Baba na gefe yana amin, amma kafin su ɗaga sai ka ga ɓarin goro ya suɓuce daga hannunsa ya faɗa ramin nan.

"Mutumina, goronka ya faɗi," in ji kakana, bai ko waiwaya ba.

"Bar shi, na tururuwa ne."

Haka suke yi kullum, ba wanda ya taɓa ƙara kalma a kai. Malamin garinmu ya sani, shi ma bai taɓa ɗaga maganar a masallaci ba. Ina jin ya lissafa cewa da Baba goron zai ƙare, haka kuwa aka yi.

Kakana ya rasu zamanin mulkin Shagari, a kan shimfiɗarsa, ba a daji ba. Baba na cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da aka dawo daga maƙabarta ya shiga ɗakin ya ɗauke baka da kwari da burtu ya tafi da su gidansa, ba wanda ya ce masa don me. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, kamar ta kowa. Ranar arba'in ce ta bambanta.

Safiya ta malamai ce. Aka sauke Alƙur'ani, aka raba gumba da waina, aka shafa. Bayan la'asar sai ga maharba suna ɓullowa ta kowace hanya daga ƙauyukan kewaye, cikin rigunansu da suka rine da jini da hayaƙi, layu da guraye sun yi musu nauyi, wasu da warki, wasu da adaka a kafaɗa. Duk wanda ya iso bakin fili sai ya saki bindiga sama, mata su amsa da guɗa daga cikin gida. Mai komo ya zauna a tabarma ya rungumi ƙaton ƙoƙonsa mai tsirkiya biyu ya fara bin taken mutane ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka taɓa takensa sai ya zabura ya faɗo fili yana kirari, ya faɗi gidan da ya fito da wanda ya ɗaura masa kwari, ya lissafa abin da ya kashe da inda ya kashe shi. Wasu suka yi wasan daji: wannan ya zama ɓauna yana tonon ƙasa da ƙafa, wancan ya laɓaɓo yana gwada iska da ƙura, har ya sake ta, ɓaunar ta yi taga-taga ta faɗi, yara suka kwashe da ihu. Biki ne sosai, ba zaman makoki ba.

Can sai mai komo ya juya hannu ya ɗauko taken kakana. Fili ya yi tsit, don ba mai amsawa. Ya sake, shiru. A na uku Baba ya miƙe, ya ja hannun kawuna ya kawo shi tsakiyar fili, ya rataya masa kwarin, ya zaro kibau yana ƙirgawa a gaban Sarkin Baka don kowa ya shaida bai rage ko ɗaya ba. Ya sunkuya ya yi masa raɗa mai ɗan tsawo a kunne. Daga baya na gane makarin dafi ne yake mayar wa gidan da ya fito. Sannan kawuna ya amsa taken da muryar da ke rawa, bindigogi suka tashi gaba ɗaya. Duk tsawon takabar kakata, wata huɗu da kwana goma, ba a yi mako ba Baba bai aiko da wani abu ba, ko da zabo ne ko fakara. Amma bai ƙara ɗaura burtu ba. Da kawuna ya matsa masa, cewa ya yi, "Ɗana, kai idonka na kan nama. Wa zai duba mini baya?"

Maƙwabtanmu ma suna da irin wannan, har sun fi mu tsare shi. Maharban Yarabawa, masu bin Ogun, suna da waƙoƙin makoki na musamman da ake kira iremoje, da bikin sallamar maharbi inda ake fitar da kayan sana'arsa bayan gari. Maharban Mande a Mali da Gini da arewacin Kwaddebuwa, waɗanda ake kira donso ko dozo, sukan kwana suna kiɗa da rawa don babban maharbin da ya rasu, kuma a ƙungiyarsu wanda ya riga shiga shi ne babba, ko da ɗan bawa ne. Youssouf Tata Cissé ya yi littafi guda a kansu a 1994. Su an rubuta nasu an ɗauka a faifai. Namu yawanci a bakin tsofaffi ya tsaya.

Abin da ya kashe wannan zumunci na maharba ba guda ba ne. Turawa sun kafa dokar kare namun daji a 1916, gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1963, aka shigo da lasisi da jerin dabbobin da ba a taɓawa. Aka keɓe Yankari a 1956, aka buɗe ta ga masu yawon buɗe ido a 1962. A kusa da mu aka keɓe dajin Falgore. Maharbin da kakanninsa suka raɗa wa kowace mashaya suna ya wayi gari sunansa ɓarawon daji. Sannan farin 1973 ya zo, aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, gonaki suka haura har gindin duwatsu, masu gawayi da masu fasa dutse suka ƙarasa saura. Amma ba zan wanke maharba tas ba. Tsofaffi ba sa harbi da damina lokacin da nama ke da ciki ko goyo, ba sa taɓa uwa mai shayarwa. 'Ya'yansu suka samu fitilar goshi da bindiga mai baki biyu, suka shiga harbin dare, abin da ya ƙyalla ido a sake masa wuta. Yau a cika babbar mota da samari da karnuka a tafi dajin wata jiha, inda ba wanda ya san sunan kwarmi ɗaya, balle ya san gidan da zai kai wa kaso. Gwankin da ake yi wa kirari da sha bara, yaron Kano sai dai ya ji sunansa a karin magana. Ba kuma don abin ba ya gyaruwa ba ne: raƙuman dawan Kure a Nijar sun ragu har zuwa 49 a 1996, da aka tsare su tare da haɗin kan mutanen ƙauyukan sun haura 600.

Ta fuskar addini ma an samu sauyi. Tun da aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 wa'azi ya yi ƙarfi a kan cewa sadakar uku da bakwai da arba'in bidi'a ce, gidaje da yawa sun bari, kiɗan komo a ƙofar gidan mamaci kuwa ko waɗanda ba 'yan Izala ba sun daina jurewa. Wannan fage na malamai ne, ba ni da fatawa a ciki, ba kuma na kukan ɓarin goron Baba. Abin da na lura da shi dai, babu malamin da ya taɓa hana kai wa gwauruwar abokinka nama. Akwai ma hadisi a Sahihu Muslim da ya sanya kyautata wa abokan uba bayan rasuwarsa cikin mafi girman biyayya. Duk da haka kason mamaci ya mutu ya bar komo. Komo har yanzu ana jin sa a naɗin Sarkin Baka da tarukan gwamnati, don yana da kyan kallo a talabijin.

Su kansu maharban ba su ƙare ba, aikinsu ne ya sauya. Da nama ya ƙare sai aka tuna su ne suka san daji. A watan Mayun 2014 ɗaruruwansu suka taru a Maiduguri suna neman a ba su izini su shiga neman 'yan matan Chibok. A watan Nuwamban shekarar suna cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram, a nan Adamawa ne kuma sunan Aisha Bakari Gombi ya fito, mace mai jagorantar maza cikin daji. Ali Kwara na Azare ya shafe shekaru yana farautar 'yan fashi kafin rasuwarsa a 2020. Da yawa sun mutu a wannan sabon aiki, ba albashi, ba fansho, ba ko allon da aka rubuta sunayensu.

Sai kuma abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025. Mafarauta 'yan Arewa sun taso daga Fatakwal za su gida yin Sallah, 'yan sintiri suka tare motarsu, suka ga bindigogin gargajiya, aka yi musu kururuwar masu satar mutane, taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu. Da yawansu 'yan Torankawa ne a Ƙaramar Hukumar Bunkure, maƙwabtan ƙasarmu. Gwamnoni sun je ta'aziyya, an yi jawabai, an yi alkawura. Da a zamanin kakana ne, ba sai an jira gwamna ba: kowane ɗayansu yana da mutuminsa, mutumin nan kuwa ya san abin da ke kansa daga ranar har yaran su girma.

Saboda haka kirana ga Sarakunan Baka da ƙungiyoyin mafarauta da suka cika jihohinmu da kaki da katin shaida: ku buɗe littafi ku rubuta sunan duk wanda ya mutu a cikinku, da garinsu, da iyalin da ya bari, ku yanka musu kaso daga kuɗin da kuke tarawa, a matsayin haƙƙi ba taimako ba. Ɗaliban tarihi da na Hausa a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Danfodiyo kuma, wayar da ke aljihunku ta isa ɗaukar murya. A duwatsun Rano da Ningi da Kwatarkwashi har yanzu akwai tsofaffin da za su iya jero muku sunan kowane kwarmi da mai shi, mafi ƙanƙantarsu kuwa ya haura saba'in. Ku je musu a wannan ranin.